TARIHI A TAƘAICE: Yadda Masu Haɗa Website Suka Daina Ɓatan Hanya



In ka ce wa baƙo "daga nan ka yi gabas, gona ta uku", kwatancen zai yi aiki ne in yana tsaye inda kake. In kana Dambatta shi kuma daga Bichi ya taso, ai ya ɓata ke nan. Irin wannan matsalar ce ta daɗe tana wahalar da masu rubuta PHP, yaren da aka fara gina Facebook da shi.

A 1995 Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP. Masu aiki da shi suka riƙa rarraba shafi zuwa fayiloli, wani yana kiran wani da layi kamar haka:

include '../config.php';

Ɗigo biyun nan na nufin "koma baya folda ɗaya". To amma daga ina? PHP yana fara ƙirge daga inda fayil ɗin da aka fara buɗewa yake, ba daga inda aka rubuta layin ba. Da ka kira shi daga wata folda, shi ke nan, PHP ya kasa samun fayil ɗin.

Maganin da aka samu shi ne a kafa turke guda, wato constant, suna mai riƙe abu ɗaya da ba ya canzawa. A rubuta cikakken adireshin babbar folda sau ɗaya da define, kowane fayil ya yi kwatance daga nan. Da farko dirname(__FILE__) ake amfani da shi, sai PHP 5.3 ya zo da __DIR__ a 2009, ya taƙaita aikin.

WordPress, da aka fara a 2003, sunan nasa turken ABSPATH. In kana da shafi, leƙa ƙarshen wp-config.php ta wayarka, za ka gan shi. Har gadi yake yi: plugin da yawa sukan duba, in babu ABSPATH su rufe, don kada wani ya buɗe fayil ɗin kai tsaye ta burauza.

Shawarata, don Allah ka kalla kawai, kar ka goge layin. In kuma dole sai ka taɓa, fara ajiye kwafi.

Mu haɗu a darasi na gaba in sha Allah.