Kiɗan ta'aziyya na mutum uku a Rasha

Kiɗan ta'aziyya na mutum uku wata al'ada ce ta masu tsara kiɗa a Rasha, inda suke rubuta kiɗan fiyano da gogen Turawa biyu, ƙarami da babba, domin tunawa da aminin da ya rasu.

Asali

Al'adar ta samo tushe daga Pyotr Tchaikovsky. Abokinsa Nikolai Rubinstein, wanda ya kafa makarantar koyon kiɗa ta Mosko, ya rasu a Faris a watan Maris 1881. Kafin nan Tchaikovsky ya taɓa cewa kunnensa ba ya jure haɗa fiyano da goge, amma wannan rashi ya sa ya rubuta irin kiɗan a birnin Rum. Ya kammala shi a farkon 1882, ya rufe shi da taken rakiyar gawa.

Waɗanda suka biyo baya

Da Tchaikovsky ya rasu a 1893, sai Sergei Rachmaninoff, yana ɗan shekara 20, ya yi masa irin abin da ya yi wa Rubinstein. A 1894 Anton Arensky ya rubuta nasa domin makaɗin babban goge Karl Davydov.

A watan Fabrairu 1944, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Dmitri Shostakovich ya rasa amininsa Ivan Sollertinsky. Kiɗan da ya sadaukar masa yana ɗauke da salon kiɗan Yahudawa a kashinsa na ƙarshe. An fara kaɗa shi a Leningrad a watan Nuwamba na wannan shekara.