Inda Kwalta Ta Ƙare: Tarihin Hanyoyin Ƙafa na Duwatsun Azbin

Matafiyin da ya shiga motar haya daga Agadas zuwa Arlit, tafiyar kilomita wajen 240, in ya zauna ta hannun dama zai riƙa hango duwatsu can gabas, wani lokaci baƙi ƙirin, wani lokaci ƙura ta haɗiye su. Azbin ke nan, wadda taswirar Faransawa ke kira Aïr. Kwaltar tana bin gefenta amma ba ta shiga cikinta, domin ba don duwatsun aka yi ta ba. An shimfiɗa ta daga Tawa zuwa Arlit a ƙarshen shekarun 1970 saboda manyan motocin da ke haurawa da kayan aiki, su sauko da yuraniyom zuwa tashar jiragen ruwa ta Kwatano. Mai son zuwa Iferwan ko Timiya ko Bagzan tilas ya sauka, ya nemi motar ƴan kasuwa, daga bisani kuma ya koma ga ƙafarsa.

Waɗannan hanyoyin ƙafa sun girmi kwaltar da ɗaruruwan shekaru, kuma mu Hausawa ba baƙinsu ba ne. Tarihin baka na Gobirawa ya ce a Azbin suka zauna kafin su gangaro kudu. Bayan su, Abzinawa, musamman Kel Ewe, suka mayar da kwaruruwan duwatsun hanyoyin fatauci. Bayan damina ayarin raƙuma kan tashi daga Timiya da maƙwabtanta, ya ƙetare Tenere zuwa Bilma ya ɗauko gishiri da dabino, ya dawo gida ya huta, sannan ya nufi Damagaram da Kano neman gero da tufafi. Abin da ya tsara hanyar shi ne ruwa: daga rijiya zuwa rijiya, daga wannan agelman zuwa wancan, wato kududdufin da ke kwanciya cikin dutse bayan ruwan sama ya wuce. Shi ya sa ba ta miƙe. Inda baƙo zai ga an yi kwana babu dalili, jagora ya san akwai ruwa ko inuwa ko abincin raƙumi.

Baturen Jamus Heinrich Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya bi su a 1850. Ya sauka a Tintellust ƙarƙashin amanar Annur, wani babban shugaban Kel Ewe, kuma a watan Oktoba ya nufi Agadas, tafiyar kusan mako guda, bisa takarkarin da ya taɓa kayar da shi. Ya lura cewa mutanen wurin suna jin Hausa kamar harshensu na gida. Tun a wancan zamani Asode, tsohon birnin Kel Ewe da ke tsakanin Timiya da Iferwan, ya fara zama kufai; ganuwar gidajensa ta dutse na nan har yanzu ga mai iya kaiwa gare ta.

Masu mulkin mallaka sun sha wuya a nan. A 1899 rundunar Foureau da Lamy, wadda ta taso daga Aljeriya, ta maƙale watanni a Iferwan saboda raƙumanta sun mutu, mutanen ƙasa kuma sun ƙi ba ta wasu. Bindiga ba ta nuna wa mutum rijiya. Ramuwar ta zo bayan yaƙin Kawusan, wanda ya kewaye sojan Faransa a Agadas daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Da aka karya shi, an kashe malamai, an kwashe dabbobi, an kori jama'a kudu, ƙauyuka da dama suka zama kango na shekaru. Wasu hanyoyin tun daga lokacin suka mutu.

Sai kuma yuraniyom. An gano shi a Azelik a 1957, aka kafa SOMAÏR a 1968, aka fara haƙa a Arlit a 1971, COMINAK ta biyo baya a Akuta a 1978. Arlit da Akokan sun tsiro a fili fetal yamma da duwatsun, suka cika da ma'aikata daga Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Garuruwa ne masu kallon kudu: albashi kudu yake tafiya, hutu ma kudu ake yinsa. Azbin ta zama inda ake samo albasa da lemu da rumman, shi ke nan. Amma albasar nan ce ta buɗe ƙofa, domin motar da ke ɗauko kayan lambu daga Tabelot ko Timiya, ko wadda ke bin Gugaram zuwa Iferwan, ita ce ke komawa da fasinja bisa buhuna. Ba ta da lokacin tashi sai ta cika.

Tun daga shekarun 1980 Turawa masu yawon buɗe ido suka gano abin da suke kira randonnée, wato yawon ƙafa don nishaɗi. Mano Dayak da kamfaninsa Temet Voyages sun yi fice wajen tallata yankin, kuma a 1991 hukumar UNESCO ta sanya gandun Azbin da Tenere cikin kayan gadon duniya. Tawayen farko ya tsayar da komai har yarjejeniyar 24 ga Afrilu 1995. Daga nan zuwa 2006 aka ga jirage na tasowa daga Faransa kai tsaye zuwa Agadas, baƙi na hawan Bagzan, inda ƙololuwar Idukal-n-Tagas ta kai mita 2,022, mafi tsawo a Nijar. Littattafan jagoran baƙi sun riƙa bayyana hanyoyin kamar an fitar da su ne domin masu takalmin hawan dutse. Wannan bai yi mini daɗi ba, domin matan Bagzan sun daɗe suna hawa da sauka da jakai, ba wanda ya ɗauki hotonsu. Duk da haka a faɗi gaskiya: kuɗin baƙin ya sa samari sun koma wurin tsofaffi suna tambayar sunan kowane kwari da kowace rijiya.

Harin Iferwan na Fabrairu 2007 ya buɗe tawaye na biyu, aka binne nakiyoyi a hanyoyin mota. Sace mutum bakwai a Arlit a Satumba 2010 ya rufe kasuwar baki ɗaya. Jagorori da yawa sun bi zinariya zuwa Jado da Cibarakatan daga 2014, inda Toyota da na'urar nuna hanya suka maye gurbin sanin ƙasa. COMINAK kanta ta rufe a Maris 2021. Hanyoyin da suka rayu su ne waɗanda masu lambu da makiyaya ke bukata; waɗanda baƙi kaɗai ke bi, ruwan sama na share su sannu a hankali, sunayensu kuma na tafiya tare da tsofaffin da suka riƙe su.

Ƴan uwana malamai sun san ɗalibin Arlit da zai iya karanta taswirar jirgin ƙasan Paris a darasin Faransanci, amma bai san ta ina ake bi a je Iferwan ba, alhali ba ta kai kilomita 200 daga ajinsa ba. Tamgak da Bagzan sun yi wa aji guda nisa, ga tsada, ga sha'anin tsaro da sai an nemi izinin hukuma. Dabus kuwa na nan tsakanin Arlit da Agadas, ƴan kilomitoci daga bakin kwalta. A can ne aka sassaƙa raƙuman dawa biyu a jikin dutse dubban shekaru da suka wuce, lokacin da ƙasar ke da ciyawa da ruwa, babban ya haura mita 5. Motar haya na wucewa ta kusa da su kowace rana.