Sulhu da Tahkimi Cikin Shari'ar Ciniki Tsakanin Ƙasashe

Akwai wata kalma ta Turanci, arbitration, wadda ba a cika rasa ta ba cikin takardun yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe. Masu fassara sun saba juya ta da "sulhu" ko "sasantawa". A ganina wannan fassara ba ta sauka daidai ba, tarihin al'amarin kuwa shi zai nuna dalili.

Sulhu tsohon abu ne wurin fatake. Zamanin da a ke safarar goro tsakanin Kano da Gwanja, in gardama ta tashi a kan bashi ko la'ada, madugu ko mai masauki ko sarkin zango shi ke shiga tsakani, ya lallashi wannan ya rage, ya roƙi wancan ya haƙura. Amma fa sulhu ba ya ƙulluwa sai kowane ɓangare ya yarda da abin da aka tsayar.

Malaman fiƙihu suna da wata kalma dabam, watau tahkimi. Asalinta ɗaya ne da "hukunci" da "hakimi" da "hikima", sai dai ita ba ta fito daga zauren malamai ta shiga kasuwa ba. Ma'anarta, masu jayayya su zaɓi wani mutum wanda ba alƙalin hukuma ba ne, su ɗora masa yanke hukunci. Muhtasar na Halilu ya halatta wannan cikin sha'anin dukiya, ya hana shi cikin haddi da kisa da saki da nasaba. In wanda aka zaɓa ya yanke, to, magana ta zauna, ko wanda aka kayar ya so ko ya ƙi. A nan ne tahkimi ya rabu da sulhu, kuma wannan shi ne ainihin abin da Turawa ke nufi.

Al'amarin ya yi suna a Turai saboda shari'ar jirgin ruwan nan Alabama, wanda aka ƙera a Ingila ya yi ta nutsar da jiragen fataucin Amurka lokacin yaƙin basasarta. Cikin 1872 mutum biyar, daga Amurka da Ingila da Italiya da Suwizalan da Barazil, suka zauna a Jeniba, suka yanke Ingila ta biya dala miliyan 15.5. Ta kuwa biya. Wannan tsakanin gwamnatoci ne. 'Yan kasuwa su abin da ya dame su shi ne yadda hukuncin da aka yanke a wata ƙasa zai ci dukiyar da ke wata. Aka yi yarjejeniya a Jeniba cikin 1923 da 1927, sa'an nan ta New York cikin 1958, wadda ta wajabta wa kotunan ƙasashen da suka shiga su zartar da irin wannan hukunci, sai fa in an sami ɗaya daga cikin 'yan dalilan da ta lissafta. Nijar ta shiga cikin 1964, Nijeriya cikin 1970.

Dokar Nijeriya ta farko a kan wannan ta 1914 ce, an ɗauko ta daga ta Ingila ta 1889. Ta 2023 kuwa ta ambaci tahkimi da shiga tsakani dabam dabam tun daga sunanta. Saboda haka ɗan kasuwar Kano da aka karanta wa "sulhu" ya sa hannu yana tsammanin in bai gamsu ba zai tafi kotu a sake shari'a, alhali kuwa ya riga ya rufe wa kansa wannan ƙofa.