Birtaniya: Shin ana iya tuƙa motar da ta faɗi gwajin MOT alhali tsohuwar takardarta ba ta ƙare ba?

A Ingila, Sikotilan da Wales, duk motar da ta cika shekara 3 wajibi ne a kai ta gwajin lafiya sau ɗaya a shekara. Gwajin ne ake kira MOT, kwatankwacin abin da ake kira visite technique a ƙasashe masu amfani da Faransanci. Masu motoci da yawa kan kai tasu kafin wa'adi ya cika. Idan motar ta faɗi gwajin alhali tsohuwar takarda tana da sauran kwanaki, sai tambaya ta taso: a tuƙa ta zuwa gida, ko a bar ta a gareji?

Amsar ta dogara ne da irin lahanin da aka rubuta wa motar.

Me ya sa ake kai mota da wuri?

Doka ta ba da damar yin gwajin tun ana saura wata guda ba kwana ɗaya takarda ta ƙare, ba tare da ranar sabuntawa ta canza ba. Misali, idan takarda za ta ƙare ranar 15 ga Mayu, ana iya yin gwajin daga 16 ga Afrilu, kuma sabuwar takardar za ta kai 15 ga Mayun baɗi. Amfanin haka shi ne mai mota ya samu sararin yin gyara idan an gano matsala.

Matakan lahani

Tun daga 20 ga Mayun 2018, ana kasa lahanin da aka gano gida uku: ƙarami, babba da kuma mai haɗari. Ƙaramin lahani ba ya kayar da mota, sai dai a ce a gyara shi da wuri. Babban lahani da lahani mai haɗari kuwa, kowannensu faɗuwa ne. Ana ba mai motar takardar ƙin amincewa, sannan a shigar da sakamakon cikin kundin intanet na hukumar DVSA, wadda ke kula da gwajin.

Yaushe aka yarda a tuƙa ta?

Ana iya fita da motar daga wurin gwaji idan sharuɗɗa biyu sun cika: tsohuwar takardar MOT ba ta ƙare ba, kuma ba a rubuta lahani mai haɗari ko ɗaya ba. Faɗuwa gwajin ba ta soke tsohuwar takarda. Tana nan daram har ranar da aka rubuta a jikinta.

To sai dai takarda daban, lafiyar mota daban. Doka ta ɗora wa direba nauyin tabbatar da cewa motarsa ta cancanci hawa titi a kowane lokaci, da takarda ko babu. Idan babban lahanin ya shafi birki, fitila ko taya, ɗan sanda na iya kama direban a kan wannan lahanin kansa, kuma nuna tsohuwar takarda ba zai wanke shi ba. Ba zai kuma iya cewa bai sani ba, tunda an riga an rubuta. Shi ya sa abin da ya fi aminci shi ne daga wurin gwaji a wuce wurin bakanike kai tsaye.

Idan kuwa an rubuta lahani mai haɗari, ba a yarda a tuƙa motar ba sai an gyara, komai yawan kwanakin da suka rage wa tsohuwar takarda. Ko dai a gyara ta a nan inda take, ko a kira janwe ya ɗauke ta.

Hukunci

Wanda ya tuƙa motar da ta faɗi saboda lahani mai haɗari na iya fuskantar tarar da ta kai fam 2,500, da maki 3 na laifi a lasisinsa, har ma da haramcin tuƙi. Suɗaɗɗiyar taya, wadda zurfin zanenta bai kai milimita 1.6 ba, laifi ce mai zaman kanta, kuma ana lissafa kowace taya daban.

Da zarar tsohuwar takarda ta ƙare ba a samu sabuwa ba, tuƙa motar na iya jawo tarar da ta kai fam 1,000. Tafiya biyu kawai aka keɓe: zuwa wurin gyara ko dawowa daga can, da zuwa gwajin da aka riga aka tsayar da lokacinsa.

Sake gwaji

Kuɗin gwajin ƙaramar mota ba ya wuce fam 54.85. Idan aka bar motar a wurin gwaji aka gyara ta, aka sake dubawa cikin kwanakin aiki 10, ba a biyan kuɗin sake dubawar. Idan an fita da ita aka dawo cikin wannan wa'adi, ana iya cajin wani ɓangare na kuɗin. Wanda bai gamsu da sakamakon ba yana da kwanakin aiki 14 don ɗaukaka ƙara ga DVSA, amma kada ya taɓa gyaran kafin a duba ƙorafinsa.

Bambanci da Faransa

Waɗanda suka saba da tsarin Faransa su lura, ƙa'idar ba ɗaya ba ce. A can ana yin contrôle technique ne kafin mota ta cika shekara 4, sannan duk bayan shekara 2. Idan an samu babban lahani, mai mota yana da wata 2 ya gyara ya dawo a sake dubawa, kuma yana iya tuƙi a tsakani. Idan lahanin mai tsanani ne, izinin tuƙi yana ƙarewa a ranar gwajin. A Birtaniya babu wannan rangwame na wata 2: abin da direba ke da shi kawai shi ne kwanakin da suka rage a tsohuwar takardarsa.