Daga gadon kara zuwa teburin katako: tarihin aikin ice a gidajen ƙasar Mallawa

Wanda ya shiga gidan manomi a ƙasar Mallawa, can gabas da Magarya, dab da iyakar Najeriya, idan mai lura ne zai tarar da zamani huɗu zaune a tsakar gida guda. Ga turmin da aka sassaƙa daga kututturen ƙirya, wanda mai yiwuwa ya girmi matar da ke daka a cikinsa. Ga gadon kara a ɗakin tsohuwa. Ga wani benci na katako mai ƙafa ɗaya gajera, an tokare ta da dutse, wanda ɗan gidan ya buga da hannunsa lokacin hutun lakwal. Ga kuma kujerar roba da ake fiddo wa baƙo. Turmin aikin masassaƙi ne, kujerar aikin inji ce. Sauran biyun kuwa, gadon da bencin, sun fito daga hannun mutanen da ba sana'arsu ba ke nan, kuma tarihin irin wannan hannu shi ne ba a cika rubutawa ba.

Mallawa tana ɗaya daga cikin kananan hukumomi huɗu na gundumar Dungas, tare da Dungas ɗin kanta, da Dogo-Dogo, da Gushi. Kafin 2011 duk yankin yana ƙarƙashin Magarya. Ƙasa ce ta jigawa da fadamu, ta gero da dawa da wake da riɗi, kuma ba ta taɓa zama ƙasar manyan dazuzzuka ba. Wannan shi ya tsara yadda mutanenta suka yi hulɗa da ice tun fil'azal.

Kafin zuwan Nasara, aikin ice iri biyu ne, kuma ba a gwama su. Na farko shi ne sassaƙa, sana'ar gado, wadda ɗa ke koya a gefen ubansa. Kayan aikin masassaƙi kaɗan ne, gatari da gizago da wuƙa, duk daga maƙerar garin. Hikimarsa kuwa ita ce ragewa: yana ɗaukar gungume guda, ya yi ta cire abin da ba ya so, har turmi ko akushi ko kujera ta fito. Babu haɗi, babu ƙusa, saboda haka babu wurin da zai saki. Ya san ƙirya ce ta turmi don taurinta da jure wa gara, ya san aduwa ce ta allo da ƙotar fartanya, ya san ɗanya tana da sauƙin rarakewa. Abin da ya fito daga hannunsa saye ake yi, ko a yi musanyarsa da hatsi.

Na biyu ba shi da suna, domin ba a ɗauke shi sana'a ba. Shi ne abin da kowane magidanci ke yi wa gidansa da rani, bayan an kammala kaka. Ya kafa gwafanni huɗu a ƙasa, ya gitta sanduna, ya jera karan dawa masu kauri, ya ɗaure da igiyar rama ko ta kaba ko ɓawon kalgo, gado ya samu. Haka rumfa, haka ƙafafun rumbu, haka darni. Mace kuma ta saƙa tabarma, ta rataye ragaya don ƙoren nono, ta tsara jerenta. Hikimar wannan aiki ɗauri ce. Abin da aka ɗaure ana iya kwance shi, a sake karan da ya ruɓe, a bar gwafar da ke da sauran ƙarfi. Saurayin da bai iya ɗaurin gado da tsaikon ɗaki ba, ana ganin bai kai munzalin ajiye iyali ba.

Dole a tuna cewa rayuwar Bahaushe a wancan zamani a ƙasa take. Malami yana kan buzunsa, dattijo yana kan tabarma ko dakali, a ƙasa ake cin tuwo, a kan cinya ake rubuta allo. Hawa sama alamar mulki ce, shi ya sa karaga ta sarki ce. Ƴar gajeruwar kujerar nan da masassaƙi ke yi kuwa ta mata ce, ta gaban murhu. Namiji babba ya zauna a kanta cikin jama'a, abin dariya ne. Tebur ba shi da wurin zama a irin wannan gida, kuma kalmar kanta aro ce, kamar benci, kamar kafinta.

Ice ma ba na kowa da kowa ba ne. A ƙarni na 19, bayan da Damagaram ta shimfiɗa ikonta a kan ƙasashen Tsotsebaki, wato Mirya da Washa da Dungas, labarin baka ya ci gaba da ambaton Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, a matsayin wanda ya tsananta hukunci a kan saran gawo. Ko da an ƙara wa labarin gishiri, abin da yake nunawa gaskiya ne: mutanen lokacin sun san itacen da ke zubar da ganye da damina, ya bar gero ya sha rana, ya kuma ciyar da dabbobi da rani, ya fi amfani a tsaye.

Faransawa sun kama Damagaram a 1899, kuma tsakanin 1906 da 1908 tawagar haɗin gwiwa ta Tilho da O'Shee ta kafa alamun iyakar da ta raba wannan ƙasa da Gumel da Kazaure da Daura. Da su ne zarto da ƙusar masana'anta da katakon da aka tsaga suka shigo. Wannan hikima ce ta uku, haɗi: a yanka guntaye bisa awo, a haɗa su su zama abu guda. Da farko ta tsaya a ofishin kumandan da gidan likita da lakwal. Yaran da aka kama aka kai lakwal, da yawansu tebur-bencin aji shi ne kayan katako na farko da suka taɓa zama a kai. Ba ƙaramin abu ba ne a ce wa yaron da ubansa ke zaune a ƙasa ya hau sama ya miƙe baya.

Abin da ya fi taɓa masassaƙi da manomi shi ne dokar gandun daji ta 4 ga Yuli 1935, wadda ta shafi dukan ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannun Faransa. Ta mai da daji mallakar hukuma, ta ware itatuwan da ba a sara sai da izini. Nijar mai ƴanci ta gaji wannan tunani a dokarta ta 1974. Manufar kare itace ce, amma a gona sakamakon ya juye. Manomin da ya san cewa idan tsiro ya girma a gonarsa ma'aikacin gandun daji ne zai yi iko da shi, har ya ci shi tara in ya sari reshe, sai ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami.

Kuɗin gyaɗa ne suka shigar da katako cikin ɗakin talaka. A shekarun 1950 da 1960 ƙasar Magarya tana sahun gaba wajen noman gyaɗa a Nijar, kuma a 1962 aka kafa SONARA don ta riƙe cinikinta. Da kaka kuɗi suna shiga hannu, kayan ɗakin amarya kuma su ne ma'aunin darajar uba. Gadon ƙarfe mai rumfa ya shigo daga Kano, kwanukan sha da na tuwo masu fenti suka ture ƙwarya da akushi daga jere, daga baya kuma aka buƙaci kabad mai gilashi da za a jera su. Kafinta ya kafa rumfarsa a bakin kasuwa. Katakonsa, fari da ja, daga dazuzzukan kudancin Najeriya yake fitowa, ya biyo ta Kano, ya ƙetaro ta kasuwannin iyaka irin su Maigatari. Cikin shekaru kaɗan gadon kara ya koma alamar rashi, abin da ake ɓoyewa idan surukai za su zo.

A nan ne wani sabon mutum ya bayyana, ɗan koyon da ba shi da ubangida. Yawanci malamin lakwal ne ko ma'aikacin asibiti da aka tura ƙauye, ya isa da akwati da tabarma, ya tarar da ɗaki fayau. Yana da littattafai, gara kuma tana jiransu a ƙasa. Yana da takardun yara da zai gyara da dare a gaban fitila. Kafinta yana nesa, albashi kuma ba kullum yake zuwa kan lokaci ba. Sai ya nemi akwatunan katako da aka kawo sabulu ko shayi ko magani a ciki, ya zare ƙusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe su da dutse, ya ari zarto.

Kurakuransa kusan iri ɗaya ne a ko'ina, kuma sun cancanci a tsaya a kansu, domin su ne makarantarsa. Teburinsa na farko yana rawa. Ya ƙara ƙusa, bai daina ba. Sai daga baya ya gane cewa sanduna huɗu da aka haɗa murabba'i suna iya karkacewa komai yawan ƙusa, amma da zarar an gitta guda a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, an sami siffa mai kusurwa uku, ita kuwa ba ta motsi. Abin da ya koyar da safe a darasin lissafi ke nan, bai taɓa zaton yana da alaƙa da ƙafar tebur ba. Ya sari dogon yaro ɗanye ya yi kanta, da hunturu ya busa sai ta murɗe ta tsage, ya koyi cewa ice yana son watanni a inuwa kafin a taɓa shi. Ya buga ƙusa kusa da bakin katako, katakon ya dare, har wani ya nuna masa cewa idan aka dakushe tsinin ƙusa da guduma, tana murƙushe jijiyar icen ta wuce, ba ta raba shi biyu. Ya koyi shafa baƙin man mota a ƙafafu saboda gara, ya koyi ɗora su a kan dutse. Abin ban sha'awa, yawancin waɗannan darussa tsohon da ke ɗaurin rumbu a bayan lakwal ya san su, sai dai ba a cika tambayarsa ba.

Faransawa suna kiran wannan aiki bricolage, kuma a 1962 masanin al'adu Claude Lévi-Strauss ya ɗauki mai yin sa ya mai da shi misali na mutumin da ke aiki da abin da hannunsa ya tarar, sabanin injiniya mai tanadar kayan aikinsa tun kafin ya fara. A Turai, bayan yaƙin duniya na biyu, abin ya zama aikin sha'awa na ranar Lahadi, saboda ladan ma'aikaci ya yi tsada, lokacin hutu kuma ya yawaita. Hausa ba ta da kalma guda ta fassara wannan ma'ana, kuma ba gazawarta ba ce. A Mallawa wanda ya ɗauki zarto buƙata ce ta miƙa masa shi. Sha'awar, idan ta zo, a baya take zuwa, ranar da teburin ya tsaya da ƙafafunsa.

Farin 1973 da 1974, da cutar da ta halaka gyaɗa a 1975, da kuma farin 1984, sun tafi da kuɗin gyaɗa, sun tafi da itatuwa masu yawa. Manyan ƙiryoyi suka yi wuyar samu, masassaƙa da dama suka sake sana'a. Amma daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka soma barin tsiron da ya fito da kansa a gona, suna yi masa aski maimakon tumɓukewa. Wani nazari na 2006 ya kiyasta cewa a ƙasashen Magarya da Matamai da Mirya kusan eka miliyan ɗaya, da ma'aunin Faransa, ta sake rufuwa da itatuwa, galibinsu gawo. Dokar gandun daji ta 2004 kuma ta ƙara wa jama'a hannu a kan itatuwan ƙasarsu. Sai dai gawo ba icen tebur ba ne, yana da taushi, ƙwari suna son sa. Abin da ɗan koyo ke samu kusa shi ne dogon yaro, baƙon da ya zo daga Indiya ya zama ɗan gari. Katakon kasuwa kuwa farashinsa yana bin iyaka: karyewar darajar sefa a Janairun 1994, rufe iyakar da Najeriya ta yi a 2019, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, kowanne ya kai har rumfar kafinta.

Makaranta ta yi ƙoƙarin ba aikin hannu matsayi. A Damagaram aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a 1973, kuma daga baya tsarin karatun firamare ya ware lokaci don ayyukan hannu da na samarwa. A aikace, sau da yawa lokacin ya ƙare a sharar fili da ɗebo ruwa, saboda babu kayan aiki, kuma ba a tambayarsa a jarrabawa. Da shirin shekara goma na bunƙasa ilimi ya soma a 2003, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda benci ya ƙaru, aka yawaita azuzuwan zana, inda ake karatu a kan rairayi. A bayan ginin makarantu da yawa kuwa akwai tulin tebur-benci da suka karye, ƙarfen yana nan lafiya, katakon saman ne ya tsage ko ƙusoshin suka fice.

Kayan masassaƙi suna da wurin ajiya. Gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, da irinsa, suna iya adana turmi da akushi da sirdi shekara ɗari. Gadon kara ba ya kai nan, damina kaɗan ke cinye shi, kuma teburin akwatin sabulu murhu ne makomarsa. Abin da ya rage daga gare su yana hannun mutanen da suka yi su, da kuma a bakinsu: sunan kowane ɗauri, watan da ake yankan kara, icen da ake yi wa gwafa da wanda ba a yi. A ƙauyukan Mallawa da Gushi da Dogo-Dogo akwai tsofaffin da ke ɗaure rumbu duk kaka, kuma gidajen wasunsu ba su fi tafiyar minti biyar daga tulin bencin nan ba.