Inabi a Dusuman: Ƙaramin Jari da Doguwar Jira

Duk mai sayen kayan marmari a Maiduguri ya san inabin nan da ake jerawa cikin 'yan robobi, wanda ake shigowa da shi daga irin su Masar da Afirka ta Kudu, ya kuma san tsadarsa da azumi. Don haka ba laifi idan manomin lambu a Dusuman, cikin ƙaramar hukumar Jere, ya fara lissafin kafa 'yar gonar inabi a gefen albasarsa. Yana da madogara, domin a Hunkuyi da ƙauyukan Kudan, kusa da Zariya, ƙananan manoma suna noma shi suna kai wa kasuwa. Abin dubawa shi ne inda lissafin zai iya karyewa.

Yanayi bai hana ba. A ƙasashen da aka fi sanin inabi, sanyi ne ke sa itacen ya zubar da ganye ya huta. A ƙasa mai zafi ba ya hutawa da kansa, sai manomi ya tsara masa lokaci da almakashi. Manoman Nashik a Indiya sau biyu suke datse rassa a shekara: a Afrilu don itacen ya yi sabbin rassa, a Oktoba don ya yi 'ya'ya. Wannan tsari ya dace da Jere. Ruwan saman Maiduguri bai wuce kimanin milimita 600 a shekara ba, akasarinsa daga Yuni zuwa Satumba, yayin da na Zariya ke kai wa 1,000. Ƙarancin danshi na rage fumfunar da ke cin ganyen inabi. Idan aka datse a Oktoba, fure da 'ya'ya za su fito cikin busasshiyar iskar hunturu, a tsinke bayan kimanin wata huɗu, kafin zafin Afrilu da ke haura digiri 40 ya gasa su.

Iri ma ba shi ne tsadar ba. Yankan reshe mai ido uku ko huɗu, kaurin fensir, ya isa ya zama dashe. Rumfar da rassan za su hau ce ke cin kuɗi. Dirkar itace gara za ta cinye gindinta tun ba a ci moriyarta ba, ga gungun 'ya'ya da nauyi, sai dai ginshiƙin siminti ko na ƙarfe da waya mai kauri. Sannan tunda da rani yake haihuwa, ban ruwansa duk daga rijiya ne, ko da man fetur ko da sola.

Wurin dasawa ya fi duk waɗannan ɗaure kai. Albarkar Jere tana cikin fadamar da kogin Ngadda ke malalewa, inda shinkafa ke jin daɗi. Saiwar inabi kuwa ruɓewa take yi a ƙasa mai riƙe ruwa, ta fi son jigawa. Lokacin da madatsar Alau da ke kan wannan kogi ta fashe a ranar 10 ga Satumban 2024, mai shinkafa ya yi asarar damina guda. Da mai inabi ne a kwari, wahalar shekaru ce ruwa zai kwashe.

Albasa da tumatir suna mayar da kuɗi cikin 'yan watanni, inabi kuwa sai shekara ta biyu ko ta uku yake fara biyan mai shi. A ganina wannan jiran shi ne jarin da ya fi nauyi. Da yawa daga masu noma a kewayen Maiduguri gonar aro ko ta haya suke nomawa, wasunsu rikici ne ya koro su daga Mafa, Dikwa ko Marte. Wa zai kafa ginshiƙin siminti a gonar da mai ita zai iya karɓa baɗi? Ga kuma tsaro. Kisan manoman shinkafa aƙalla 43 a Koshebe ranar 28 ga Nuwamban 2020 bai gushe daga zukatan mutanen Jere ba, alhali inabi mai nuna yana son a kwana a tashi kusa da shi, saboda tsuntsaye da hannun mutane.

Shi ya sa nake ganin mai ƙaramin ƙarfi ya bar zancen hekta. Gindi ashirin ko talatin a filin da yake mallakinsa, kusa da gida, cikin shinge, da rijiya guda, ya isa gwaji. Tsakanin layukan ya zuba albasa ko salak su riƙa biyan kuɗin mai, har ya ga yadda irin da ya ɗebo daga Kudan zai yi da bazarar Borno ta farko.