Sarkin Ƙofar da Ke Cikin Rauta

A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, mutanen 'Yankara sun ga yadda ake rufe ƙofa daga waje: ga waya a hannu, ga caji, babu sabis. Akwai kuma wata ƙaramar ƙofa da kan rufe daga cikin gida ba da umarnin kowane gwamna ba. Sabis ya cika a rauta, wayar maigida ta hau, ta uwargida ta hau, kalmar sirri daidai take, amma kwamfutar ɗalibin gidan an hana ta shiga. Sau da yawa musabbabin wata lamba ce da ta girmi ɗalibin nesa ba kusa ba.

A 1973, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Amurka, Robert Metcalfe da David Boggs suka ƙirƙiro Ethernet, hanyar haɗa kwamfutoci da yawa a kan igiya guda. Da yake duk saƙon da aka tura kowace na'ura tana jin sa, tilas a rubuta masa sunan mai shi. Ƙa'idar da Xerox da DEC da Intel suka fitar a 1980 ta tsayar da lamba mai bit 48, wadda ake ɗora wa kowane katin sadarwa tun daga masana'anta. Ita ce adireshin MAC: haruffa da alƙaluma 12, an jera su biyu-biyu. Rabin farko ƙungiyar IEEE ke raba wa kamfanoni, rabin ƙarshe kamfani ke yanka wa kayansa. Ƙa'idar 802.11 ta 1997, wadda daga baya aka sani da Wi-Fi, ta gaji lambar yadda take.

Don isar da saƙo aka yi ta, ba don gadi ba. Sai dai WEP, makullin Wi-Fi na farko, masu bincike sun fallasa rauninsa a 2001, jama'a suka ƙara jingina da jerin sunaye: wanda adireshinsa ke rubuce ya shiga, saura su tsaya a waje. Rauta ta zama Sarkin Ƙofa, irin na ganuwar Katsina a da. Amma shi Sarkin Ƙofa yana ganin fuska, yana jin harshe. Rauta kuwa sunan da aka faɗa mata kaɗai take ji. Adireshin yana yawo a iska ba rufi, mai ɗan sani yana iya arar na wani ya shige.

Daga baya sai aka lura cewa lambar da ba ta sauyawa sawu ce, ana iya bin mutum da ita daga kanti zuwa filin jirgi. Apple ya fara ɓad da ita a 2014, Android 10 ya mayar da hakan al'ada a 2019, Windows 10 ma ya zo da zaɓin adireshin bazata. Ga mai gadi riƙe da tsohon littafi, ga ɗan gida ya iso da sabon suna.

Gyaran bai kai bayanin tsawo ba. A buɗe shafin rauta ta wayar da ta riga ta hau, da adireshin da ke liƙe a jikinta, a duba ko jerin na izini ne ko na hani. A kwamfutar a kashe adireshin bazata, sannan a kwafi na Wi-Fi, domin na igiya daban yake, kuma nan ne da yawa kan yi tuntuɓe. Ni dai da za a tambaye ni, a soke jerin gaba ɗaya, a dogara ga WPA2, wanda ke nan tun 2004, da kalmar sirri doguwa da yaran maƙwabta ba za su iya cinka ba.